LAFIYA UWAR JIKI: Ƙwayar fitsari da gishirin da take ɗebewa daga jiki

A wannan wata filin lafiya zai yi magana a kan wata ƙwaya da mutane da yawa suka sani a ƙasar Matamaye, tun daga Kance har Dungu da Ɗan Barto. Ita ce wadda ake kira ƙwayar fitsari. Likita yana ba da ita ga mai hawan jini, wanda ake cewa tansiyo, da mai kumburin ƙafafu, da mai ciwon zuciya. Magani ne mai kyau, ya ceci rayuka masu yawa. Amma yana da wani hali da ya kamata kowane mai shan sa ya sani, shi da iyalinsa. In ya fitar da ruwa daga jiki, yakan tafi da wani gishiri mai amfani wanda likitoci ke kira potasiyom. In wannan gishiri ya ragu ƙwarai, mutum yana iya faɗuwa ya mutu, alhali kumburinsa ya sace, kowa yana yi masa barka da samun sauƙi.

Mene ne potasiyom?

Manoma sun daɗe da sanin sa, sunan ne kawai baƙo. Duk wanda ya taɓa sayen takin zamani ya ga an rubuta 15-15-15 a jikin buhu. Lamba ta uku ta potasiyom ce. Shi ne ke sa kara ya yi ƙarfi, dankali ya yi ƙwari, rake ya yi zaƙi. Yana cikin ƙasa, shuka ta sha shi, mutum ya ci shuka ya samu. In aka ƙone kara ko itace, yana nan cikin toka. Wani masani na Ingila mai suna Humphry Davy shi ya fara ware shi a 1807, kuma daga sunan tokar tukunya a harshensu aka samo sunan.

A jikin babban mutum akwai wajen giram 140 na potasiyom. Kusan dukansa yana cikin tsoka da sauran naman jiki. Kaɗan ne ke yawo cikin jini, kuma wannan kaɗan ɗin shi likita ke aunawa. Awon mai lafiya yana tsakanin 3,5 da 5. In ya sauka ƙasa da 3,5 ya yi kaɗan. In ya sauka ƙasa da 2,5 to rai yana cikin haɗari.

Aikinsa shi ne motsa tsoka. Hannu da ƙafa ba su motsi sai da shi. Hanji ba ya tura abinci sai da shi. Zuciya ma tsoka ce, wadda ba ta hutawa dare da rana, kuma shi ke daidaita bugunta.

Yadda ƙwayar ke fitar da shi

Ƙwayoyin fitsari da aka fi gani iri biyu ne. Ta farko ita ce furosemid, wadda ake sayarwa da sunan Lasilix ko Lasix. Yawanci ƙwaya ɗaya miligiram 40 ce. Tana da ƙarfi: cikin awa ɗaya fitsari ya fara, ya yi ta zuwa har wajen awa 6. An fara ba marasa lafiya ita a shekarun 1960. Ta biyu ita ce hidrokulorotiyazid, wadda ake sayarwa da sunan Esidrex. Ba ta kai ta farko ƙarfi ba, an fi ba da ita ga masu hawan jini. Danginta sun fito a Amurka tun wajen 1958.

Ƙoda ita ce matatar jini. Tana tace ruwa da gishiri, ta mai da abin da jiki ke so, ta zubar da saura a fitsari. Ƙwayar fitsari tana hana ƙoda mai da gishirin miya cikin jini. Gishiri ya bi fitsari, ruwa ya bi gishiri, kumburi ya sace. Amma a ƙarshen hanya, da ƙoda ta ga gishirin miya yana wucewa da yawa, sai ta yi ƙoƙarin kama wani abu daga ciki. Ba ta kama shi kyauta. Musaya take yi: ta riƙe gishirin miya, ta saki potasiyom a madadinsa.

Daga nan za a gane abu ɗaya mai muhimmanci. Mai shan wannan ƙwaya, in yana cin gishiri da yawa, asara biyu yake yi. Kumburinsa ba ya sacewa yadda ya kamata, kuma potasiyom ɗinsa yana ƙara zuba, don musayar ta ƙaru.

Alamomin da za a lura da su

Da farko mutum ba ya jin komi. Sannan sai kasala ta zo. Mai noma ya ga kunya biyu ta gajiyar da shi. Mace ta ga tabarya ta yi mata nauyi. Tashi daga tsugune ya zama aiki, sai an dafa bango. Da dare tsokar sharaɓa ta riƙa ɗaurewa. Ciki ya kumbura, bayan gida ya ƙi fita kwana biyu ko uku. Ƙishirwa ta yi yawa. In abu ya yi nisa, zuciya ta riƙa bugawa da sauri ko tana tsallake bugu, jiri ya kama mutum, ƙafafu su mutu, numfashi ya yi wuya.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne, waɗannan alamomi sun yi kama da na wasu cututtuka. Wani ya ce shawara ce. Wani ya ce sanyin ƙashi ne. Wani ya ce ai ciwon ne bai sake shi ba, sai ya ƙara ƙwaya ɗaya a kan wadda aka ce ya sha. Mafi muni shi ne mai ganin cikinsa ya ɗaure, sai ya dafa filasko ya sha don wankin ciki. Zawo yana fitar da potasiyom kamar yadda fitsari ke fitar da shi. Wanda ya haɗa ƙwayar fitsari da wankin ciki ya huda tulunsa a wuri biyu.

Masu jego

Akwai wani ciwon zuciya da ke kama mata a ƙarshen ciki ko cikin watannin farko bayan haihuwa. Mace ta kumbura, ta riƙa haki, ta kasa kwanciya sai a jingine, tari ya dame ta da dare. Wannan ciwo yana da yawa a ƙasar Hausa fiye da yawancin ƙasashen duniya. Likitoci biyu na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Davidson da Parry, sun bi mata 224 masu wannan ciwo, suka buga abin da suka gani a 1978. Likitocin babban asibitin Yamai su ma sun yi ta ganin sa a shekarun 1980. A Sakkwato, wani bincike na 2007 ya nuna yana kama wajen mace ɗaya cikin haihuwa ɗari.

Likitocin Zariya sun zargi al'adun jego: wankan ruwan zafi, da kwanciya a gado mai wuta a ƙasa, da yawan shan kunun kanwa. Binciken da aka yi daga baya a asibitocin Najeriya da yawa, aka buga a 2020, bai tabbatar da cewa al'adun ne ke kawo ciwon ba. Ya fi nuna rama, da talauci, da hawan jini lokacin ciki. Amma a kan abu ɗaya babu gardama: macen da ciwon ya riga ya kama, kanwa da gishiri suna tara mata ruwa a jiki, su ƙara wa zuciyarta kaya.

Irin waɗannan mata ana ba su furosemid, wani lokaci a haɗa da wata ƙwayar zuciya mai suna digoksin. A nan hankali ya zama dole, don in potasiyom ya yi ƙasa, digoksin yakan juye ya zama guba ko da ba a wuce awon da likita ya faɗa ba. Alamarsa ita ce tashin zuciya, da amai, da ƙin abinci, da ganin abubuwa kamar an shafa musu ɗorawa, da bugun zuciya maras tsari. Wadda ta ga haka, a kai ta asibiti ran nan, kuma a tafi da dukan magungunanta.

Kanwa ba potasiyom ba ce

Wannan kuskure ya yaɗu har ga waɗanda suka yi lakwal. Dalili kuwa, a bakin Turawa da ƴan kasuwa ana kiran kanwa da suna potas. Mutum ya ji likita ya ce yana bukatar potasiyom, sai ya ce ai ga ta nan a gida.

Ga misalin yadda abin ke faruwa. An sallamo mai jego daga asibiti da ƙwayar fitsari. Bayan mako biyu ta ce wa uwar mijinta: "Inna, ƙafafuna ba ƙarfi, ko tulu ban iya ɗauka." Tsohuwa ta ce: "Ɗiyata, jego ne bai shige ki ba. Bari a ƙara kanwa a kunu." Ƙanen miji da ya yi karatu ya sa baki, ya ce ai daidai ne, kanwa potas ce, ita likita ke nufi. Duka su biyun alheri suke nufi, amma sun kauce hanya.

Kanwar da ake kawowa daga Manga da wajen tafkin Cadi, fara ce ko ja ko ungurnu, yawancinta sodiyom ce, wato dangin gishirin miya. Potasiyom ɗin da ke ciki kaɗan ne. Mai shan ƙwayar fitsari in ya ƙara kanwa, kamar ya ƙara gishiri ne: kumburi ya dawo, potasiyom ya ƙara zuba. Ɗan abin da ake sa wa wake ko miyar kuka don su yi laushi, shi ma a rage shi. Kunun kanwa kuwa, mai kumburi da mai hawan jini su bar shi sam.

Haka kuma kada wani ya ji an ce akwai potasiyom cikin toka da takin zamani, ya ce zai jiƙa ya sha. Ruwan toka mai kauri yana ƙona maƙogwaro da ciki, kuma ba wanda ya san awon abin da ke ciki. Takin zamani na gona ne, shan sa halaka ne.

Abincin da ke mai da shi

A nan Allah ya yi wa ƙasar Matamaye arziki. Fadamun Korama suna ba da abin da mutanen wasu wurare sai sun saya da tsada. Tun bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta tsananta kira ga noman rani, garake suka ƙaru, kayan lambu suka yawaita a kasuwanni.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2012 babban mutum ya samu aƙalla miligiram 3.510 na potasiyom a yini, wato giram uku da rabi. Ga abin da ake samu cikin giram 100 na wasu abinci:

Busasshen wake: wajen miligiram 1.100.
Gyaɗa: wajen miligiram 700.
Dabino: wajen miligiram 650.
Ayaba: wajen miligiram 360.
Dankalin Hausa: wajen miligiram 340.
Tumatir ɗanye: wajen miligiram 240.

Za a ga cewa ayaba, wadda mutanen birni ke yawan ambata, ba ta kai wake ba ko kusa. Wake yana cikin rumbun kowane manomi. Ban da waɗannan, akwai zogale, da alayyafo, da yakuwa, da kabewa, da garin ɗan kuka, da aya, da nono. Gero da dawa ma suna da nasu, musamman in ba a surfe su ƙwarai ba. Farar shinkafa da taliya da burodi ba su da shi sosai.

Dafuwa ma tana da ƙa'ida. Potasiyom yana narkewa cikin ruwa. In aka dafa zogale ko wake ko dankali da ruwa mai yawa, aka tsiyaye aka zubar, an zubar da wani kashi na amfanin. A dafa da ruwa kaɗan wanda zai tsotse, ko a sa romon cikin miya. Dankali gasasshe ya fi wanda aka dafa aka zubar da ruwansa.

Gishiri kuma a rage shi. Hukumar ta ce kada ya wuce giram 5 a yini, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin miya. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Daddawa da albasa da tafarnuwa da citta suna ba miya ɗanɗano ba tare da shi ba.

Amma a san iyakar abinci. Abinci yana tsare mutum, yana taimako. In potasiyom ya riga ya faɗi ƙasa sosai, abinci kaɗai ba ya mai da shi. Sai magani.

Abin da likita ke yi

Hanyar sani ta gaskiya ita ce awon jini. Yana da kyau a auna kafin a fara shan ƙwayar, a sake cikin makonnin farko, don a lokacin ne ya fi sauka, sannan a riƙa yi lokaci-lokaci. In babu na'urar awon a ƙaramin asibitin ƙauye, malamin asibiti yana iya tura mutum asibitin Matamaye ko babban asibitin Damagaram. Tafiyar tana cin kuɗin mota, amma ta fi ɗaukar mutum a amalanke cikin dare.

In awo ya nuna ya yi ƙasa, likita yana da hanyoyi. Yana iya rage yawan ƙwayar. Yana iya ba da ƙwayar potasiyom, irin su Diffu-K ko Kaleorid. Ana haɗiye ta ɗungum bayan cin abinci, da cikakken kofin ruwa, ba a tauna ta, don tana cin ciki. Yana iya haɗawa da wata ƙwayar fitsari mai suna sipironolakton, ko Aldactone, wadda ita riƙe potasiyom take yi. In abu ya yi tsanani, sai a kwantar da mutum a sa masa cikin ƙarin ruwa, yana ɗiga sannu sannu. Ba a yin allurar potasiyom kai tsaye cikin jijiya, don tana tsai da zuciya nan take. Kada a yarda wani mai yawo da jaka ya yi wa mutum ita a gida.

Yawansa ma cuta ne kamar ƙarancinsa. Mai ciwon ƙoda ba ya iya fitar da shi, sai ya taru. Mai shan Aldactone, ko maganin hawan jini irin su kaptopiril da enalapiril, shi ma yana tara shi. Irin waɗannan mutane ba su shan ƙwayar potasiyom sai da izinin likita, kuma mai ciwon ƙoda ko abincin da aka lissafa a sama sai ya tambaya. Maganin da ya yi wa maƙwabci daidai yana iya kashe wani.

Waɗanda ba a ba ƙwayar fitsari

Ana ganin wannan ƙwaya a tiren ƴan tallar magani a kasuwanni, ana sayar da ita ɗaya ɗaya kamar alewa. Duk wanda ƙafarsa ta kumbura sai a ce ya saya. Kumburi kuwa iri iri ne.

Yaron da tamowa ta kumbura, ba a ba shi ƙwayar fitsari ko kaɗan. Jikinsa ya riga ya rasa potasiyom, ƙwayar tana iya ƙarasa shi. Maganinsa yana wurin kula da yara masu tamowa, inda ake ba da madara da abinci na musamman.

Mai ciki da ƙafafunta ko fuskarta suka kumbura, ta je awo a duba jininta da fitsarinta. Yana iya zama farkon ciwon jijjiga, kuma ƙwayar fitsari ba ta maganinsa.

Shawarwari ga mai shan ƙwayar da iyalinsa

1. A sha ta da safe, yadda likita ya faɗa. Kada a ƙara, kada a bari don an ji sauƙi.

2. Ranar da zawo ko amai ya kama mutum, a je asibiti ran nan a tambaya ko za a dakatar da ƙwayar. Kafin a isa, a sha ruwan gishiri da sukari na fakiti. Kowane fakiti na lita ɗaya yana da giram 1,5 na gishirin potasiyom. Wanda ake haɗawa a gida ba shi da shi.

3. Kada a sha filasko ko wani maganin wankin ciki.

4. Lokacin bazara, da zufa ke zuba, mai aikin gona ya ƙara lura da jikinsa. Kafin azumi ya kama, a je a ga likita ya gyara lokacin shan magani, ya kuma faɗa in jiki zai iya ɗaukar azumin. Dabino wajen buɗa baki yana da amfani.

5. Kowace rana a samu wake ko gyaɗa ko ganye a cikin abinci. Maigida ya ware wa mai jinya mudun wake kafin ya kai saura kasuwa.

6. Duk lokacin zuwa asibiti a tafi da kwalayen magani duka, har da na gargajiya da ake sha.

7. In ƙafafu suka mutu, ko zuciya ta rikice, ko mutum ya suma, ba a jiran safiya.

Akwai aiki a nan ga ɗaliban yaƙi da jahilci. Farar ƙwaya tana kama da farar ƙwaya, amma sunan da ke jikin kwali ba ya ruɗin wanda ya iya karatu. Wanda ya koyi baƙi da wasali yana iya duba wa tsohonsa ko wannan Lasilix ce ko Aldactone, ya rubuta masa ranar komawa asibiti a littafi, ya riƙe lambar awon jini don a gwada ta da ta gaba. A karanta wannan shafi a dandali da wurin suna, a karanta wa iyaye mata da ungozomomi, tun da su ke riƙe da tukunyar kunun mai jego.

Rigakafi ya fi magani. A wata mai zuwa filin zai yi bayani a kan awon hawan jini da ma'anar lambobi biyu da malamin asibiti ke rubutawa. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙara wa masu ita, amin.